Busasshiyar Ƙafar Kawu Inoussa

Kun gani. Kada wani a Zongo ya ce bai gani ba. Alhaji Inoussa, mutumin da tun tasowarku ba ku san ƙafarsa cikin komai ba sai silifa, ya koma sa safa da takalmi sau-ciki a tsakiyar zafin Lomé, kuma kun gani. Kun ga yadda yake jan ƙafar hagu in zai hau zemijan, babur ɗin haya. Waɗanda ke tsayawa kusa da shi a sahu, hancinsu ya gaya musu abin da ya gaya musu. Sai kuka ce masa sannu Alhaji, ya ce yauwa, kowa ya mai da idonsa kan carbinsa. Wannan muke kira kunya, har muna yi wa 'yan ƙabilar Ewe gori wai su ba su da ita. Kunyarmu ta kusa cin ƙafar mutum yana tsaye a tsakiyarmu.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Takalman gwanjo yake sayarwa a kasuwar Hédzranawoé, kuma ya daɗe da ciwon suga. Ni ma'aikacin jinya ne, a lokacin ina garin Kara wajen ƙarin horo. Ranar da na dawo, matarsa Inna Meimuna ta ja ni kicin tun ban ajiye jaka ba, ta ce in je in duba ƙafar kawuna, ita ta yi magana har bakinta ya gaji.

Da ƙyar ya yarda ya cire safar. Gyambo ne a tafin ƙafa, ƙarƙashin babban yatsa, faɗinsa ya kai murfin kwalbar Maltina biyu a haɗe, bakinsa ya yi kauri. Wata 'yar ƙusa ce daga dilar takalma ta huda silifarsa, ya wuni da ita a ciki bai sani ba, don ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa. An sa man kaɗanya. An fasa kafso an barbaɗa. Wani makwabci ya kawo garin da ya ce daga Sokodé aka aiko masa. Kowa ya kawo magani, ba wanda ya ce a tafi asibiti.

Washegari na kai shi ƙaramin asibitin da nake aiki a Cacavéli, wurin Dokta Nadia. Ta wanke gyambon, ta yanke mataccen naman, ta auna zurfinsa. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce in ciwon ya kai ƙashi, maganar yankewa ce daga ƙasan gwiwa. Amma ta ce akwai wani abin rufe ciwo da ita da abokan karatunta suke gwadawa a kan irin wannan gyambo, in ya amince za a sa shi cikin masu gwajin.

Ta ɗauko shi ta nuna masa. Abu ne kamar tantani, mai laushi da sanyi, in ka ɗaga shi kana hango yatsunka ta ciki. Ta yi bayani da Faransanci, ni ina juya masa. Jikin abin polimer ne, dangin roba, amma irin wadda jikin mutum ba ya faɗa da ita. A kan robar aka ɗaura peptid, wato 'yan guntayen abin da aka gina naman jikinmu da shi. Ƙwayoyin fata sun san waɗannan guntaye. Da sun taɓa su sai su kama, su yi ta rarrafe a kansu daga bakin gyambo zuwa tsakiya, yadda kabewa ke bin danga. Wasu guntayen kuma aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Kawu ya karɓa ya jujjuya shi kamar yana duba fatar takalmi, ya ce wannan ai bayan koko ne in ya huce, amma tun da yovo, wato Turawa, sun wahala a kansa, a sa masa.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Ya sha maganin sugarsa, ya rage taka ƙafar, kuma kada a ɗaga tantanin, kada ruwa ya taɓa shi, sai ita da hannunta in mako ya zagayo. Ta maimaita wannan na ƙarshen har sau biyu. Kawu ya ce to. Duk ɗan Zongo ya san cewa in dattijo ya ce maka to, abin da ya faɗa shi ne ya ji ka.

Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Akwai wani mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa, daga Adakpamé, da aka fara wa tare da kawu. Nasa gyambon ya fara tsukewa, bakinsa ya yi ja mai kyau. Akwai wata mai sayar da ablo, wainar masarar nan ta turare, ita ma haka. Na kawu yana nan yadda yake, sai ma gefensa da ya yi fari ya yamutse, kamar yatsun wadda ta wuni tana wanki. Sugarsa ta sauka. Kasuwa ya bar wa yaran shago. Dokta Nadia ta tambaya ko ruwa na shiga. Inna Meimuna ta rantse cewa da hannunta take ɗaure ƙafar cikin leda in zai yi wanka, ta ɗora masa ita a kan kujera. Kawu kuwa yana ta kallon fankar silin.

Da suka fita, Dokta ta tsayar da ni. Ta ce ƙafar ta fara ja, jan yana hawa wajen idon sawu. In canjin tantani na gaba bai nuna wani abu ba, za ta cire shi daga gwajin ta tura shi wurin masu tiyata, don ba za ta yi caca da ran mutum saboda bincike ba.

A kan zemijan ina komawa gida na yi ta lissafin inda ruwa zai iya samun ƙafar mutumin da ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. Kafin mu kai kwanar Zongo amsar ta zo mini da kanta.

Da azahar na je masallacin layinmu. Kun san wurin alwalar: dogon dakalin siminti, butocin roba masu zane, kwata a ƙasa, dattawa a jere kowa ya naɗe hannun riga ana ta hirar farashin shinkafa. Wurin kawu a wannan dakali sananne ne, can ƙarshe kusa da famfo. Ba ya nan. A bayan tankin ruwa na same shi, shi kaɗai a kan bulo, ya ba mutane baya.

Na tsaya ina kallo. Ya warware bandejin waje a hankali ya naɗe shi. Ya shimfiɗa farin hankici a gwiwarsa. Ya sa farcen babban yatsa ya ɓamɓaro tantanin daga gefe, sannu sannu, ya kwantar da shi a kan hankicin kamar wani abu mai daraja. Sannan ya zuba ruwa ya wanke ƙafar har idon sawu, ya tsettsefe tsakanin yatsu, ya cuɗa tafin da gyambon a ciki. Ya goge, ya mayar da tantanin daidai inda yake, ya lallaɓa shi da tafin hannu, ya naɗe. Aiki mai tsabta, babu garaje. Sau biyar a rana yake wannan. Duk ɗan naman da ya kama danga tsakanin salla da salla, da hannunsa yake tuge shi.

Ban san lokacin da Faransanci ya kubce mini ba. Na faɗi abubuwa a kan jahilci, a kan wahalar da mutane suka sha shekara da shekaru a ɗakin bincike. Ya ɗago ya dube ni, ya ce an tada iƙama, in bari a yi salla.

Bayan an idar muka zauna a barandar wani shago da ke rufe. Na ce masa ko yaron makarantar allo ya san addini ya yarda mai ciwo ya shafa a kan ɗauri, ba sai ya wanke ba.

Ya ce, "Samiru, babin shafa na karanta shi uwarka tana goye a bayan kakarka."

Na ce to me ya hana shi.

Ya dubi wata akuya da ke cin kwali. Sannan ya ce ya gwada, ranar farko ya gwada. Ya shafa, ya tashi ya kabbarta, sai ya ji ƙafar nan a bushe, kamar ya shigo masallaci da takalmi. Har aka sallame bai san abin da ya karanta ba. Tun yana yaro bai taɓa tsayawa gaban Ubangijinsa da busasshiyar ƙafa ba, yanzu da ya kusa tafiya wurinsa ba zai fara ba.

Na ce, "Kawu, ƙafar da ƙusa ta wuni a cikinta ba ka ji ba, ita ce take jin bushewa?"

"Ba a ƙafa nake ji ba."

"Yanke ta za a yi."

"In an yanke, an yanke ta da tsarkinta."

Ya kama bango ya miƙe, ya tafi yana jan ta.

Ban je gida ba. Wurin Malam Sharfaddeen na nufa, na'ibin limaminmu, wanda ke ba manya karatu bayan la'asar. Shi da kawu tare suka taso. Kakannin kawu Kanawa ne, na Malam Zagezagi, saboda haka ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, duk da cewa su biyun a Lomé aka binne cibiyarsu. Na same shi a zaure yana ɓare lemo. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na fara gaya masa abin da na ga kawu na yi a bayan tanki. Na ce malamanmu suna da lokacin yin huɗuba a kan tsawon wando, amma ba wanda ya taɓa hawa mumbari ya ce wa masu suga su duba tafin ƙafarsu. Na ce rabin dattawan da ke bayansa a sahu suna ruɓewa cikin safa. Na faɗi da yawa. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ɓarin lemo.

Abu ɗaya ya tambaya: in aka jiƙa hannu aka yarfe, aka shafa a kan bandejin waje, ko zai ɓata maganin. Na kira Dokta Nadia a waya a gabansa. Ta ce ko kaɗan, muddin ba a zuba ruwa ba, ba a kuma warware ba. Malam ya gyaɗa kai. Na ce to ya je ya karanta wa kawu hukuncin. Ya ce karanta wa Inoussa hukunci kamar kai wa mai rijiya ruwa ne a kofi. Ya ce in tafi, kada in sake yi wa kawuna maganar, in zo karatu gobe.

Washegari bayan la'asar masallaci ya cika da masu zaman karatu, 'yan kasuwa, teloli, direbobi, kowa da carbinsa. Kawu yana jikin ginshiƙinsa ya miƙe ƙafar a ƙarƙashin babbar riga. Malam ya ce yau zai tsallake inda aka tsaya, zai yi babin shafa a kan ɗaurin ciwo. Ya ce shekarunsa nawa yana koyar da wannan babi, kullum da tsumma yake ɗaure ƙafar wani lafiyayye ya nuna, mutane su yi dariya su manta. Yau kuwa Allah Ya kawo masa ƙafa ta gaske da ɗauri na gaske, kuma ya ji an ce ɗaurin ma ba na banza ba ne, daga ƙasar yovo ya zo. Abin baƙin cikin kawai shi ne a jikin Bakano take.

Abin da duk unguwa ta ƙi faɗa ne aka faɗa a gaban kowa.

Kawu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Bazazzagi, ka nemi ƙafar ubanka."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Malam ya jira dariyar ta lafa.

Ya ce, "Inoussa, in mutum ya sayi takalma a wurinka da yawa, ka ɗora masa silifa ɗaya gyara, ya ture ta ya ce ba ya so, me za ka ce da shi?"

Kawu ya ce zai ce ba shi da tarbiyya.

"To Mai sama Ya yi maka gyara, kai kuma kana komawa bayan tanki kana mayar masa."

Kawu ya ɗago. Ya dubi Malam, ya nemo ni cikin jama'a da ido ya dube ni, kallon da na san zan biya bashinsa daga baya. Malam ya sa aka kawo buta da ƙaramin baho, ya ce shi ba zai tilasta kowa ba, in Bakano ya hana ƙafarsa, a kawo tsumma kamar kullum. Ya karɓi tsumman ya fara naɗa wa kansa, ya jiƙa hannu sharkaf, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa, ya fara dirzar tsumman gaba da baya kamar mai wanke tukunya. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi.

Kawu ya jure iya jurewarsa. Daga nan ya ce ba haka ake yi ba, wannan ɓata wa mutane addini ne. Ya ja jiki zuwa gaba, ya janye rigar, ya cire safar a gaban mutum sama da yadda zan iya ƙirgawa. Farin bandeji ya bayyana. Ya ce a matso. Ya tsoma hannu ya yarfe, ya ce ga iya ruwan da ake buƙata, ya shafa sau ɗaya a kan ɗaurin, daga yatsu zuwa idon sawu, ya game shi duka. Wani direba ya tambaya ko in ɗaurin ya faɗi ana cikin salla fa. Kawu ya ba shi amsa. Wani ya tambayi hukuncin wanka. Ya amsa wannan ma. Malam ya koma gefe ya jingina, ya bar masa karatun har aka kira magariba. Da wannan shafar kawu ya yi sallar, a sahun farko.

Da aka watse, Aboubakar tela bai tashi ba. Ya jira masallaci ya yi sauƙi, ya matso kusa da ni, ya ce ko zan ɗan duba masa wani abu a diddige. Nasa bai kai rabin na kawu ba. Wanki da ɗauri irin na kullum suka ishe shi.

Ba zan ce muku zuciyar kawu ta sauya a yamma ɗaya ba. Bayan kwana biyu na tambaye shi, ya ce har yanzu a bushe yake jin ta. Amma mutumin da ya koyar da babi a gaban jama'a ba zai zagaya bayan tanki ya ƙaryata kansa ba. Ya koma wurinsa a dakali kusa da famfo. Malam Sharfaddeen kuma ya ɗauke butarsa daga inda ya saba ya dawo gefensa, wai don kada Bakano ya yi satar ruwa. Kullum sai sun yi faɗa a kan wannan, kullum dattawa na jiran faɗan.

Ranar canji Dokta Nadia ta ɗaga tantanin ta daɗe tana kallo. A bakin gyambon akwai wani siririn zobe, ja-ja mai sheƙi, bai fi kaurin zare ba. Jan da ke hawa ya tsaya. Ta ce a ci gaba. Ba a sake maganar tiyata ba.

Abin ya ɗauki watanni. Zoben ya yi ta kauri, ramin ya yi ta cikowa daga ƙasa, damina ta shigo har titunan Zongo suka zama taɓo, muka koma ɗaukar kawu a mota saboda kada ya taka ruwa. Inna Meimuna ta rage masa tuwo, ya yi ta ƙorafi wai an haɗa baki da yovo za a kashe shi da ganye. Ni ma na biya bashina: ya yi sati yana kirana ɗan rahoton Zagezagi.

Wata safiya Dokta ta ɗaga, babu abin da za a rufe. Sabuwar fata ce, sumul, launinta ya fi na kewaye haske kamar tafin jariri. Ta danna ta da yatsa, ta ce daga yau yana iya wankewa, amma ya goge sosai, ya riƙa dubawa kullum. Akwai famfo a harabar asibitin. Kawu ya ƙi. Ya riƙe abinsa har azahar.

A dakali ya zauna wurinsa. Ya yi alwalarsa a tsanake har ya iso ƙafar hagu. Malam Sharfaddeen ya ajiye tasa butar ya ɗauki ta kawu, ya ce yau Bazazzagi zai yi wa Bakano hidima, amma kada ya saba. Ya tsiyaya ruwan a hankali. Kawu ya cuɗa, ya tsettsefe yatsu, ya bi ta kan sabuwar fatar da tafin hannu. Na tambaye shi ko yana jin sanyin ruwan. Ya ce a'a, ƙafar ba ta jin komai kamar da, amma yana jin ƙarar zubarsa a kwata, kuma wannan ya ishe shi. Ya miƙe da ƙafafunsa biyu ya shiga sahu.

Tantanin nan har yanzu gwaji ake yi, ba za ku same shi a kantin magani ba, kuma ba kowace ƙafa ce ke jira har a kawo mata shi ba. Yawancin gyambon da aka gani da wuri ba ya ma buƙatarsa. Saboda haka yau, ba gobe ba, in mahaifinka ko mahaifiyarka na da suga, ka zauna kusa da su lokacin alwala, ka karɓi butar ka zuba musu. In an zo ƙafa, ka ce a ɗaga tafin ka gani da idonka. In ka ga ko ɗan tsagu ne, kada ka ce sannu ka tashi. Ka tare zemijan ku tafi asibiti.